Yatsa Biyu da Hanyar Argungu

Na san sunan da kuka sa mini. Tun ranar da na raka Ummi awon ciki na tsare malamar asibiti da tambaya, na zama lauyar masu ciki a gidan nan. Har kwaikwayon muryata kuke yi a tsakar gida, wai "To in kin duba, me za ki yi da amsar?" kuna ƙyaƙyata dariya kuna zaton kunnena ya mutu. Ku yi ta yi, Allah ya kai ku shekaruna. Abin da ba zan bari ya wuce ba shi ne maganar da na ji ɗayanku ya yi, wai tsufa ya sa na fara ƙyamar asibiti. Ni? Ni da na haife ku kaf a gadon asibiti, na goya ku zuwa riga-kafi cikin rana tsaka? A'a, ba za a binne ni da wannan sharrin ba. Da baki ba na iya ba da labarin nan, muryata ba ta kai ni ƙarshensa, shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda aka yi a shekarar da nake da cikin Ummi.

Sai kun fara sanin Inna, mahaifiyata, wadda babu ɗayanku da ya gan ta. Ni ce 'yarta ta fari, kuma a Argungu ta wancan lokaci wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kunyar ɗan fari ake yi ta gaske, ba irin ta yanzu ba, da uwa za ta ce tana kunya alhali hoton ɗan ne a fuskar wayarta. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kaka. Gida ɗaya muke, amma Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana nemana sai ta ce wa ƙannena, "Ku kira waccan." In na shiga ɗakinta, nan take za ta tuna da wani aiki a waje. Ba ƙi ba ne, wannan na sani tun ina ƙarama, don tsokar kifi mafi kyau a kwanona take ƙarewa, ta hannun wani. Amma sanin ana sonka ba ya kashe ƙishirwa. Ina zaune zan ga ta ɗora kan ƙanwata a cinya tana yi mata kitso, tana rera waƙa ƙasa-ƙasa, ni kuwa a tura ni maƙwabta wurin mai kitso. Sana'arta gumin shinkafa ce, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, don haka tafin hannunta kullum da kaushi, bayan yatsun duk ƙananan tabon wuta. Yau ɗin nan zan iya zana muku hannun nan, har da farcen da ya taɓa fashewa bai koma daidai ba. Da ido kawai na san shi, ban san nauyinsa a jikina ba.

Da aka aurar da ni ga babanku muka tare a Birnin Kebbi, lokacin jiha tana sabuwa, ma'aikata sun cika gari, ɗakin haya sai an sha wuya. Muka samu ciki da falo a wani gidan haɗaka, ƙofarmu tana kallon ta Maman Ngozi, wata 'yar kudu mai sayar da kwanuka a kasuwa, wadda Hausarmu ta zauna a bakinta har ta fi ni iya zagi da ita. Babanku yana ofis, ni ina koyarwa a firamare. Da ciki ya samu, abu ɗaya ne ya cika mini rai, goyon ciki. Mai cikin fari gidan iyayenta take komawa tun kafin haihuwa, ta haihu a can, a yi mata wankan jego na kwana arba'in, sannan a maido ta ɗakinta. Da kaka tana raye ita za ta yi mini, amma ta rasu kafin aurena. To wa zai yi? Ban isa in tambaya ba, mai cikin fari ko cikin ma ba ta nuna ta san da shi.

Amsa ta zo ne a bakin Gwaggo Hajo, ƙanwar babana, mai kawo bandar kifi daga Argungu duk mako. Gwaggo kam tun daga zaure ake jin isowarta. Ta yi magana da mutum, ta yi da akuya, in ba kowa ta yi da kwandonta. Ta dire kaya ta sha ruwa ta ce:

"Uwarki tac ce in hwaɗa miki an yaɓe ɗaki, itace ma an hwara tarawa."

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin tabarma. Can na ce, "Gwaggo, ke ce ke nan za ki sha wahalar wankan?"

"Ni? Wa za ya riƙe min kasuwa? Ai na tambaye ta, nic ce, A'i, tsohuwa ta tahi, wa za ya yi ma ɗiyar ga wanka? Tac ce, to wa za ya yi in ba ni ba. Kuma bango take kallo tana hwaɗi, sai ki ce bangon ne mai cikin."

Gwaggo ta yi dariyarta, ta ci tuwo ta kama hanya. Ni kuwa ranar sai da na ƙona miya. Ku gane, wankan jego ba a yin sa daga nesa, ba a aiko shi ta hannun ƙani. Dole ta riƙe kafaɗata, dole ta gasa mini baya, ta ɗaure mini ciki, ta miƙo mini kunun kanwa hannu da hannu. Kafin nan ma ga makonnin jira, a ɗakinta zan kwana, ina jin numfashinta. Mata suna tsoron ruwan zafin nan tun cikin yana ƙarami, ni kuwa wallahi ɗokinsa nake yi.

Makaranta ba ta sallame ni ba sai da wata na tara ya kama. Na haɗa akwati, na sayi sabulu da turmin atamfa na Inna, na yi sallama da maƙwabta. Ana jibi zan tafi na je awona na ƙarshe. Sistar da take duba mu dattijuwa ce mai tabarau, mai sauƙin kai, ba ta da tsawa irin ta wasu. Abin da muka saba shi ne ta ɗora ka a sikeli, ta auna jini, ta auna ciki da tef, ta kafa ɗan ƙahonta ta saurari bugun zuciyar ɗa, shi ke nan. Da ta gama na ce mata cikin murna jibi zan tafi gida. Sai ta ce to in koma kan gado ta duba ni ta ƙasa kafin in yi tafiya. Ban fahimta ba sai da na ga tana sa safar hannu. Yatsu ake sawa a taɓa bakin mahaifa a ji ko ya fara buɗewa. Ba wanda ya taɓa gaya mini ana yin haka ga macen da ba naƙuda take ba, ba wanda ya tambaye ni ko na yarda, ni ma ban san ana tambaya ba. Zafi da kunya suka haɗu mini, na cije mayafi ina kallon silin. Ta cire safar ta wanke hannu, fuskarta ta canza.

"Malama Kulu, ba inda za ki. Bakin mahaifa ya buɗe yatsa biyu, kan ɗa ya sauko. Yau ne ko gobe."

"Sista, Argungu ce fa, nan da nan ne."

"Da daminar nan? Kin san halin hanyar? Ni aka sha kawo wa matan da suka haihu a kujerar mota, kafin a iso jini ya ƙare. Kira mini maigidanki."

Babanku, Allah ya jiƙansa, yayarsa wurin haihuwa ta rasu, shi ya ɗauko gawarta. Da ya zo ya ji kalmar jini sai ya ce ba inda zan je. Muna fita, ko babur ɗin kabu-kabu bai yarda na hau ba, mota ya ɗauka ta kai mu har ƙofar gida, yana ce wa direba ya bi a hankali.

"Kulu, ki yi haƙuri," in ji shi. "Kwana biyu ne. Kina haihuwa, jiki ya yi ƙwari, da kaina zan kai ki. Ko kuma Inna ta zo nan, ga falo."

Na san ba za ta yiwu ba, amma na aika. Da Gwaggo ta dawo mako na gaba, tun kafin ta zauna ta fara:

"Mijinki boko ya cinye mai kai! Uwarki ta kwana gidan suruki? Ta kewaya inda suruki ke kewayawa? Ai ko da gari zai ci wuta. Tac ce ki bi maganar masu ilimi, itace ba ya ruɓewa."

Kun ga inda aka sa ni. Ita kunya ta hana ta zuwa, ni yatsa biyu sun hana ni tafiya, ga gari ga gari, motar haya tana zuwa ta dawo sau nawa a yini. Na zauna jiran yau ko gobe. Akwatina yana bakin ƙofa ban kwance ba. In na ji ɗan murɗa a mara sai in ce ga ta nan, in yi shiru ina saurare, sai ta lafa. Babanku ya hana ni ko tsugunnawa wanke-wanke. Da rana in kowa ya fita sai in zauna a ƙofar ɗaki ina kallon hadari yana tasowa ta gabas, ina cewa yanzu Inna tana can tana kwashe shinkafa daga shanya, yanzu ta kira yara su taya ta, yanzu ta rufe itacen da tsohuwar tabarma. Mako ya zagayo na koma asibiti, aka sake sa safar hannu, yatsa biyu. Wani makon ya zagayo, aka sake, yatsa biyu. Kowane dubawa in dawo gida da ɗan jini da ciwon mara, babanku ya ƙara tsorata, ya ƙara tsare ni.

Wata rana da yamma Maman Ngozi ta dawo kasuwa ta same ni a wurin zamana, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ke har yanzu kina nan? Yau ko goben nan taku ba ta da ranar zuwa ne? Ni cikin Ngozi haka aka yi ta ce mini na buɗe, na buɗe, ina kasuwa ina faɗa da masu taya kwano har wata ya mutu. Cikin ƙaninta kuwa da safe aka ce a rufe nake gam, kafin la'asar yana hannuna. Ni dai ba likita ba ce, kada ki ce ni na ce ki tafi. Amma baki gare ki, ki tambayi Sista mana."

Tambayar ma'aikacin asibiti a lokacin sai mai ƙarfin hali. Na kwana biyu ina shirya maganar a raina kamar zan shiga jarrabawa. Ranar awo, da ta gama dubawa ta ce yatsa biyu, na tattara zuciyata na ce:

"Sista, don Allah, hannun nan yana faɗin ranar haihuwa?"

Ta cire tabarau ta dube ni. Har gobe ina ganin girmanta don ba ta yi mini ƙarya ba.

"Ba ya faɗi. Abin da yake faɗi shi ne yadda kike a wannan lokacin da na taɓa. Wata ta yi makonni a haka, wata a rufe take ta haihu a ranar."

"To me ya sa ake duba ni duk mako?"

"Haka muka saba. Kuma ke ma ki dube ni, na riga na ji a buɗe kike. In na ce tafi, wani abu ya faru a hanya, ina zan sa kaina?"

Na fito na kama hanyar gida. Ashe da ba a duba ba, da ba wanda ya ji komai, da tuni ina ɗakin Inna. Na kwashe yadda muka yi na gaya wa babanku, kuma ranar ce ya fara ganin fushina tun da aka kawo ni gidansa. Na ce masa ko ya kai ni ko in je tasha da ƙafata. Daga ƙarshe ya ce in bari zuwa Asabar, zai ari motar abokinsa mu tafi a hankali, ya sa filo a bayana. Na yarda. Na sake wanke kayan da ke akwati don sun fara warin ajiya, na yi lalle, na soya wa Inna cincin duk da na san ta hannun yara za ta karɓa.

Ranar Alhamis bayan azahar ina ninke kaya na ji sallama a bakin ƙofa. Gwaggo Hajo ce. Ba ranar zuwanta ba ce, ba kwando a kanta, kuma ban ji ta daga zaure ba. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta ce in zauna. Na ce ba zan zauna ba.

"Zazzaɓi ne na damina," in ji ta. "Kwana kaɗan. Munka ce a aiko miki, tac ce kada wanda ya tada mai ciki, an ce yau ko gobe take. Da asuba ta cika. An kai ta tun da hantsi."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san na faɗa ba, ban san ban faɗa ba. Na dai san na ɗauki akwatin nan da hannuna, Maman Ngozi, da ranar ba ta je kasuwa ba, ta ƙwace ta ɗora a kanta, aka aika ofis aka kira babanku. Ba motar aboki, ba filo. Tsohuwar fijo ta haya muka shiga, mu huɗu a baya, direba yana faɗawa rami yana fita, kaina yana bugun rufi. Hagu da dama fadama ta cika da ruwa, shinkafa ta yi kore shar, masunta suna ta harkarsu a cikin jirage. Duk ramin da muka faɗa sai in ce wa cikin a raina, to fito mana, ba kai ne yau ko gobe ba? Ko gezau. Muka isa Argungu kafin magariba lafiya lau, ko ciwon baya ban yi ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, kuma har yau in na bi hanyar nan sai na ji shi.

Na tarar da gida cike da mata. Ɗakin Inna an yi masa sabon yaɓe, ta sa an gina mini gadon ƙasa mai wurin hura wuta a ƙarƙashi, itace a bayan ɗaki jibge har ya kusa kai katanga. Duk wadda ta ga zan buɗe baki sai ta dafa ni, ki daure, mai ciki ba ta kuka, abin da ke ciki yana ji. Na daure. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, baƙi suka watse, cikin nan yana nan daram. Sai bayan haka, wata safiya ina shara, naƙuda ta zo da kanta ba wanda ya aika mata. Aka kai ni asibitin garin, nan ma aka duba ni ta ƙasa, kuma wannan karon da dalili, don da shi suka san inda naƙudar ta kai. Na haifi mace, aka sa mata A'ishatu, sunan Inna, shi ya sa kuke jin muna ce mata Ummi.

Yanzu ku saurara, nan ne nake son ku riƙe. Ban ce zamana a Birnin Kebbi ne ya kashe Inna ba, kwananta ne ya ƙare, ko ina kusa ko ina nesa. Wankan ma ba za ta yi mini ba, tunda ta riga haihuwar tafiya. Ban riƙe Sista a raina ba, tsoron abin da idonta ya gani ne ya sa ta. Babanku kuwa har ya koma ga Allah, in aka ambaci shekarar nan sai ya tashi ya ba da wuri, kada in ji wani ya ɗora masa laifi. Amma makonnin nan nawa ne. Da na kwana a ɗakinta, da na ci daga tukunyarta, da ta yi zazzaɓin ni zan jiƙa tsumma in ɗora mata a goshi, kuma a kwance kunya ba ta da ƙarfin ture hannuna. Su na rasa, a kan amsar tambayar da ba wanda ya buƙaci a yi. Dubawar nan tana da ranarta, in naƙuda ta fara, ko in likita ya ga wata alama da ta sa dole sai ya sani. Shi ya sa na tambayi malamar asibitin da ke yi wa Ummi awo, kuma yarinyar kirki ce, ta ce ba dole ba ne a ranar, in Ummi ba ta so a bari. Iyakar lauyancin ke nan.

Gwaggo Hajo ce ta ajiye kasuwarta ta yi mini wankan. Washegarin haihuwa da sassafe ta hura itacen Inna, ruwa ya tafasa, ta ɗaure ganyen dogon yaro ta kai ni bayan ɗaki. Na zauna a kan kujera 'yar tsugunno na ba ta baya. Ta tsoma ganyen ta fara fyaɗa mini, bakinta yana aiki kamar kullum, wance ta yi ihu ranar wankanta har maƙwabta suka leƙo, wance ta gudu da zani a hannu, kifi ya yi tsada, direbobi ba su da tsoron Allah. Zafi ya ratsa ni har ƙashi. Sai ta ajiye ganyen ta dafa kafaɗata da hannu ɗaya don ta gasa mini baya. Hannun mai banda ne, kaushinsa da ɗuminsa na wanda ya saba da wuta. Na runtse ido.

"Gwaggo."

"Mi ne? Ya cika zahi? In sirka?"

"A'a. Don Allah ki yi shiru."

Na ji hannunta ya tsaya a kafaɗata. Ban yi mata bayani ba, ita ma ba ta nema ba. Ta san wadda za ta yi wankan nan ba tare da ta ce uffan ba, tana kallon bango. Ta sake tsoma ganyen a ruwa.

Kwana arba'in, safe da yamma, Gwaggo Hajo ba ta ƙara furta kalma ɗaya a bayan ɗakin nan ba. Ni kuma ban taɓa juyowa ba.